Yadda Ake Koyar da Kwatanci da Dalili a Insha'in Turanci: Mudu Kafin Biro

Shekarar da na fara koyar da Turanci a wata kwaleji a nan Gombe na yi wata ɓarna da ban gane ta ba sai ƙarshen zango. Na cika allo da kalmomin haɗi, su "however", "moreover", "consequently", "on the other hand", sun haura talatin, na ce a haddace. To, yaron da ya taso da allo da tawada ai hadda ba ta ba shi tsoro. Suka haddace tsaf. Da aka gama jarrabawa na zauna bayan isha'i da jan biro da tulin takardu, sai na tarar kowace jimla ta sha rawani, amma in ka ɗaga rawanin babu kai a ciki. Wani ya rubuta mini: "Bauchi is big. Consequently, Gombe has a cement factory." Wato girman Bauchi ne ya haifi kamfanin siminti na Ashaka. Na ɗaga biro zan zabga masa sifili, sai na tuna ni na ba shi rawanin ban ba shi kan ba.

Tun daga nan na juya darasin. Kalmomin haɗi suka koma can baya, tunani ya dawo gaba, kuma tunanin da Hausa muke fara shi. Abin da zan zayyana a nan shi ne yadda nake bi yanzu, don malamin sakandare mai shirya yara wa WAEC da malamin kwaleji ko jami'a da aka danƙa wa darasin Turanci na 'yan shekarar farko. A insha'in WAEC ana son kalma 450 zuwa sama, maki 50 ne, 10 daga ciki na tsari ne kaɗai. A IELTS kuwa, wadda masu neman karatu a Ingila kan rubuta, tsari da haɗuwar magana su ke da kashi ɗaya cikin huɗu na makin rubutu. Amma inda abin ya fi cizo shi ne shekarar ƙarshe, ranar da ɗalibi zai rubuta babi na biyu na furojet ɗinsa, wato babin bitar ayyukan magabata a binciken kammala karatu.

Mataki na farko: a kawo gardama cikin aji

Ranar farko kada ka taɓa alli. Ka shiga ka jefa musu tambaya da Hausa: mutum yana da kuɗi kaɗan da gona a bakin ruwan Dadin Kowa, noman rani ya fi masa ko noman damina? Ka ja baya ka ba su minti goma. Aji zai ɗau zafi. Wani zai ce na damina, don ruwan Allah ba a saye. Wata daga baya za ta ce, "Malam, ai ruwan Allahn nan in ya ɗauke sati uku a Yuli shi ke nan an tafka asara." Wani ya kawo kuɗin fetur na injin ban-ruwa, wani ya kawo farashi, cewa da kaka kowa na da masara, kasuwa ta faɗi, mai rani kuwa kayansa na fitowa lokacin da ake nema.

Sai ka tsayar da su ka ce: abin da kuka yi yanzu shi ne abin da Bature ke kira "comparison and contrast". Ba sabon abu zan koya muku ba, kuna yi kullum a kasuwa da majalisa. Abin da ya rage shi ne ku iya jera shi a takarda yadda wanda bai san ku ba zai bi ku bai ɓata ba. Wannan maganar tana da nauyi fiye da yadda ake zato. Da yawan yaranmu sun shigo aji ne da yaƙinin cewa duk abin da ke cikin Turanci ya fi ƙarfin kansu.

Daga nan sai mudu. Ina tambayarsu: in ka je Tudun Hatsi, mai hatsi ya auna maka masara da ƙaton mudu, ya auna dawa da ƙaramin kwano, sannan ya ce masara ta fi tsada, za ka yarda? Su yi dariya su ce a'a. To haka kwatanci yake. Duk abin da ka auna na farko da shi, dole da shi za ka auna na biyu. In ka yi maganar tsadar noman rani, sai ka yi maganar tsadar noman damina. Ba ka faɗi tsadar wannan, ka tsallaka ka faɗi daɗin tuwon wancan ba. Littattafai suna kiran wannan "basis of comparison", ka rubuta musu sunan sau ɗaya don su gane shi in sun gamu da shi, amma a aji mudu muke cewa har ƙarshen zango. Kalmar tana kama su. Sai ka ji suna yi wa juna gyara: kai, ka canza mudu.

Ka kuma nuna musu cewa ba kowane abu biyu ake haɗawa ba. Dole su zama 'yan gida ɗaya, kamar Keke Napep da acaɓa, ko gero da masara, ko makarantar kwana da ta jeka-ka-dawo. Ba mai kwatanta raƙumi da agogo. Kuma kamanni shi kaɗai ba ya isa, kama da wane ba ta wane, shi ya sa ake auna inda suka haɗu a kuma auna inda suka rabu.

Mataki na biyu: jadawali

Yanzu ka ɗauki alli. Gida uku a tsaye: na hagu na mudu, na tsakiya noman damina, na dama noman rani. A jere ƙasa ka sa abin da suka faɗa da bakinsu: inda ruwa ke fitowa, kuɗin da ake kashewa, haɗarin asara, farashi ranar girbi. Su cike gidajen da guntayen kalmomin Turanci, ba jimla ba. "Rain, free, unreliable" a nan, "dam, pump, petrol" a can.

Doka ɗaya ce: ba a barin gida fanko. In an cike na dama an rasa abin sawa a na hagu, ko dai a je a nemo, ko a share layin gaba ɗaya. Wannan dokar ita kaɗai tana kashe rabin kurakuran da nake gani a takardu.

Akwai malaman da suka fi son zobba biyun nan masu shiga juna, zanen da wani Baturen Ingila, John Venn, ya fito da shi a 1880. Yana da kyau ga 'yan firamare da ƙaramar sakandare, don yana nuna wa ido inda abu biyu suka haɗu. Ni dai na ajiye shi, saboda ba ya tilasta mudu ɗaya. Yaro zai zuba abu biyar a zoben hagu, ya zuba waɗansu biyar da ba su da dangantaka da su a na dama, zanen ya cika, ya yi kyau, amma ba a auna komai ba.

In jadawali ya cika, a zaɓi mudu uku, a bar sauran. Insha'i mai kalma 450 ba ya ɗaukar fiye da haka. Ɗalibai ba sa son wannan, gani suke yi an yi musu asarar wahala. Ka daure.

Mataki na uku: "To, sai me?"

Ga wani gwaji da nake yi da gangan don su faɗa rami. Ina ba su jihar Bauchi da jihar Gombe. Nan da nan jadawali zai cika da gaskiya zalla: an kafa Bauchi a 1976, an ciro Gombe daga cikinta ran 1 ga Oktoba 1996. Bauchi tana da ƙananan hukumomi 20, Gombe 11. Can akwai Yankari, nan akwai madatsar Dadin Kowa. Jami'ar tarayya ta Bauchi, wadda ke ɗauke da sunan Abubakar Tafawa Ɓalewa, tun 1980 take, ta Kashere kuwa sai 2011. Komai daidai, mudu ɗaya, ba gida fanko. Sai in juyo in ce: to, sai me?

Shiru. Wani zai ce, "Malam, ai mun kwatanta." E, kun kwatanta, amma wa zai amfana? Mai hatsi ba ya awo don nishaɗi, yana awo ne don a san me za a saya. Kwatancin da bai kai ga hukunci ba lissafin kaya ne kawai. Hukuncin nan shi ne jigon insha'i, jimla ɗaya da za ta zauna a ƙarshen gabatarwa ta faɗa wa mai karatu inda aka dosa.

Ka rubuta musu jimla biyu su zaɓa. Ta farko ita ce wadda kusan kowa ke rubutawa: "There are many similarities and differences between rain-fed farming and dry-season farming." Ta biyu: "Although rain-fed farming is cheaper to start, dry-season farming gives the farmer more control over water and a better price at harvest." Ka tambaye su wacce za a iya yi wa gardama. Ta farko ba mai musa ta, domin ba ta ce komai ba, za ka iya cire noma ka sa kaza da zabo ta zauna daram. Ta biyu kuwa ta ɗau matsayi, kuma in ka duba, mudun nan uku suna cikinta a jere: kuɗi, ruwa, farashi. Jerin nan shi ne jerin sakin layin da za su biyo baya.

Ina sa kowane ɗalibi ya rubuta jigonsa a guntuwar takarda ya miƙo kafin ya fita. Jimla ɗaya-ɗaya ce, ko aji ya kai ɗari biyu za ka duba su a zama guda.

Mataki na huɗu: buhu-buhu ko mudu-mudu

Hanya biyu ce ta jera kwatanci. Ta farko, ka zazzage buhun noman damina gaba ɗaya, kuɗinsa, ruwansa, farashinsa, sannan ka jawo buhun noman rani ka zazzage shi da jeri iri ɗaya. Turawa na ce mata "block method", mu muna cewa buhu-buhu. Ta biyu, ka ɗauki mudun kuɗi ka auna duka biyun a sakin layi ɗaya, ka ɗauki mudun ruwa ka sake auna su, haka har ka gama. Ita ce "point-by-point", wato mudu-mudu. A jadawalinmu abin a fili yake: in ka bi shi daga sama zuwa ƙasa buhu-buhu ne, in ka bi shi daga hagu zuwa dama mudu-mudu ne. Ka nuna da yatsa a allo, ba sai ka yi dogon bayani ba.

Buhu-buhu ya fi sauƙin rubutawa, shi ya sa ɗalibai ke ruga masa. Amma yana da ciwo. Sau da yawa sai ka ga insha'i biyu ne aka liƙa wuri ɗaya, kamar kishiyoyin da ba sa ga maciji, gida ɗaya ba gaisuwa. Maganinsa shi ne buhu na biyu ya riƙa waiwayen na farko: "Unlike the rain-fed farmer, who pays nothing for water, the dry-season farmer..." In babu waiwaye babu kwatanci. Ni ina barinsa ga gajeren rubutu, sakin layi biyu ko uku. Duk abin da ya wuce haka, musamman rubutun jami'a, mudu-mudu nake so, domin ba ya ɗora wa mai karatu nauyin tuna abin da aka faɗa shafi biyu baya.

Aikin da ya fi yi mini amfani a nan ba ya cin komai sai almakashi. Ka rubuta insha'i ɗaya mai jimla goma sha biyu, ka buga, ka yayyanka kowace jimla daban, ka hautsina, ka ba kowane benci ƙunshi ɗaya. Benci na dama su jera buhu-buhu, na hagu mudu-mudu. Jimlolin ba su canza ba, tsari ne ya canza. Ranar da suka taɓa jimla da hannu suka matsar da ita, ranar suke gane cewa tsari abu ne da ake zaɓa. Ka sa su danne guntayen da biro ko waya, fanka na kwashe su, in an yi sa'a akwai wuta ke nan.

Mataki na biyar: sai yanzu kalmomi, kuma kaɗan

Shida sun isa makon farko: "both", "similarly", "unlike", "whereas", "however", "although". Kowace ka nuna mazauninta a jimla, don matsalar ba ta ma'ana ba ce, ta mazauni ce. "Whereas" da "although" suna ɗaure ɓangare biyu cikin jimla ɗaya. "However" ba ta iya wannan, sai an sa aya ko waƙafi mai ruwa kafin a rubuta ta, waƙafi kuma bayan an rubuta ta. Ɗalibai kan sa waƙafi kawai su wuce, mai duba takarda kuwa ya zagaye shi da ja.

Inda malami Bahaushe ya fi littafin da aka rubuto daga waje shi ne ya san Hausar da ke kwance ƙarƙashin kuskuren. Mu muna cewa "ko da yake noman rani na da tsada, amma ya fi riba", kuma daidai ne, "amma" ɗin ma ita ke ba maganar armashi. Yaro ya ɗauke ta ɗungurungum ya kai Turanci: "Although it is expensive, but it is profitable." Turanci ba ya haɗa su, ɗaya ake ɗauka. Muna cewa "iri ɗaya da", sai ya rubuta "the same with" maimakon "the same as". Muna cewa "ya bambanta da", sai ya rubuta "different with" maimakon "different from". Haka "similar with" maimakon "similar to". Ƙaramar kalmar nan "da" tana yi mana aikin da Turanci ya raba wa kalmomi huɗu: "with", "as", "from" da "to". Sannan ga "fi". A Hausa aikatau ɗaya ke ɗaukar duk fifiko: ya fi kyau, ya fi tsada, ya fi arha. A Turanci wani lokaci "more" ne, wani lokaci "-er" ne a wutsiyar sifa, yaro ya rasa wanne, sai ya haɗa duka biyun don kada a yi asara: "more cheaper".

In ka rubuta jimlar Hausa a sama, kuskuren a tsakiya, gyaran a ƙasa, za ka ji aji ya yi "ohoo". Sun gane ba rashin kai ba ne, harshe biyu ne suka yi karo.

Wani tarkon shi ne "on the contrary". Suna son ta don tana da kwarjini. Amma ba 'yar'uwar "on the other hand" ba ce. Ta biyun tana nufin "a ɗaya ɓangaren kuma". Ta farkon ƙaryatawa ce, kamar ka ce "a'a, sai ma dai akasin haka". In ba wanda ake ƙaryatawa, ba ta da wurin zama.

Dalili da sakamako: ruwa ba ya tsami banza

Wannan rabin ya fi wuya, ka ba shi lokaci fiye da na farko. A kwatanci abu biyu ne a gabanka kana gani. A nan kuwa igiyar da ta ɗaure dalili da sakamako ba a ganinta, sai an nuna ta da hujja.

Mu a Gombe ba sai mun je nesa neman misali ba, kwarin da zaizayar ƙasa ta haƙa na nan ya tsaga unguwanni. Ina sa su ɗauko hoton wanda ke kusa da gidansu a waya. Sai in tsaya a allo in tambaya: me ya sa gidan nan ya rufta? Kwari ya cinye ƙarƙashinsa. Me ya sa kwarin ya faɗaɗa? Ruwa na zuwa da ƙarfi. Me ya sa yake zuwa da ƙarfi haka? Garin a gangare yake, ƙasar kuma yashi ce, ba ta da riƙo. Ai da ma can haka take, me ya canza? A nan sukan ɗan yi jim, sannan wani ya ce gine-gine, rufin kwano da siminti da kwalta ba sa shan ruwa, sai su tura shi gaba, ga bishiyoyi an sare. Me ya kawo gine-ginen? Garin ya zama babban birnin jiha a 1996, jama'a suka yi ta kwararowa. Tambaya biyar, mun tashi daga bangon da ya faɗi mun isa ranar da aka ƙirƙiro jiha. Dabarar maimaita "me ya sa" har sau biyar kamfanin Toyota na Japan ne ya shahara da ita wajen gano tushen matsala a masana'anta, amma duk wanda ya taɓa zama gaban alƙali ko gaban kakarsa ya san ta.

Kowace amsa ka rubuta ta cikin akwati, ka ja kibiya zuwa ta gaba. Wannan shi ne jadawalin wannan ɓangaren. Daga nan su bambance iri uku: sanadi na kusa, wato ruwan daren jiya, tushe, wato yanayin ƙasa da yadda gari ya bunƙasa, da masu taya ɓarna, irin su zuba shara a magudana da ɗibar yashi a bakin kwari. Wanda ya tsaya kan na kusa kaɗai labari ya bayar, bai yi nazari ba.

Akwai amsa biyu da za ka sha ji, ka shirya musu. Ta farko, "Malam, ƙaddara ce." Kada ka yi wasa da wannan amsar, kada kuma ka bari ta rufe darasi. Abin da nake cewa shi ne: ba mai musun ƙaddara a ajin nan, amma an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali, insha'in nan igiyar raƙumin yake tambaya. Ta biyu ita ce "corruption" ko "poverty" ko "government". Waɗannan gishiri ne, suna shiga kowace miya. Ba ƙarya ba ne, amma sai ɗalibi ya nuna mini ta wace ƙofa talauci ya bi ya rushe bangon. In ya ce talauci ya sa mutum ya sayi fili mai arha a bakin kwari, yawwa, yanzu kibiya ta samu.

Tsarin rubutun iri uku ne, kuma tambayar da aka yi ita ke zaɓa. In an ce "causes", dalilai da yawa ne ke taruwa kan sakamako ɗaya, kowane dalili da sakin layinsa, a ajiye mafi nauyi a ƙarshe. Zanen ƙashin kifi na wani masani ɗan Japan, Kaoru Ishikawa, ya dace da wannan: kan kifin shi ne matsalar, ƙayoyin su ne dalilai. In an ce "effects", abu ɗaya ne ya faru ya yi rassa. Cire tallafin fetur da aka sanar ran 29 ga Mayu 2023 misali ne da ba sai ka yi bayani ba, kowa a ajin ya ji a jikinsa: kuɗin mota, kuɗin abinci, kuɗin ban-ruwa. Na uku sarƙa ce, inda sakamakon wannan ke zama dalilin wancan: fetur ya hau, tayar da injin ban-ruwa ya yi tsada, manomi ya rage kadada, kayan gwari suka yi ƙaranci, farashi ya tashi. A sarƙa abin dubawa shi ne zoben da aka tsallake. Ɗalibi zai tashi daga fetur ya dira kan tsadar tumatir, a kansa ya san tsakiyar, a takarda babu. Ina zana masa ɗan zobe buɗaɗɗe a gefe, ya san ma'anarsa.

Tarkon zakara

Zakara na cara, gari na wayewa, kullum haka, amma ba caran ke jawo asuba ba. Wannan kuskuren, na ɗaukar abin da ya riga zuwa a matsayin dalili, har a furojet ɗin 'yan shekarar ƙarshe yana nan. Misalin da nake bayarwa shi ne mangwaro da sanƙarau. Dukansu da zafi suke yawaita, sai ka ji ana ɗora wa mangwaro laifi. Alhali ƙwayar cuta ce ke kawo sanƙarau, busasshiyar iska mai ƙura da cunkoso a ɗakin kwana suna taimaka mata yaɗuwa. Lokaci ne ya haɗa su, ba jini ba.

Ka ba su tambaya uku su yi wa kowace kibiya. Wannan ya riga wancan faruwa? Da babu wannan, wancan zai faru duk da haka? Ko akwai wani na uku a ɓoye da ya haifi duka biyun? Kibiyar da ta tsallake ukun a ja ta da kauri. Wadda ta yi tuntuɓe a ja ta da ɗigo-ɗigo. Amfanin wannan zai fito a zaɓen kalma: kibiya mai kauri ita ke da ikon "causes" ko "leads to", mai ɗigo-ɗigo kuwa sai "contributes to", "may lead to", "is linked to". Ɗalibanmu suna ganin "may" rauni ne, kamar mutum bai san abin da yake faɗa ba. Ka tuna musu cewa malamin da ya fi sani shi ya fi yawan cewa "mai yiwuwa".

A nan ma Hausa na kwance a ƙasa. "Saboda" tana ɗaukar suna, tana ɗaukar jimla: saboda ruwa, saboda an yi ruwa. Turanci ya raba: "because of the rain", "because it rained". Shi ya sa kake ganin "because of it rained". "Due to" ita ma suna take ɗauka. "Result in" tana kallon sakamako, "result from" tana kallon dalili, ka zana kibiya a ƙarƙashin kowace, ɗaya ta nufi dama ɗaya hagu. "Result to" kuwa, duk da ta cika bakin mutane har a rediyo, mai duba jarrabawa ba ya karɓarta. "Affect" aikatau, "effect" suna, a mafi yawan amfani. Wannan kam sai maimaici, ban san wata dabara da ta wuce shi ba.

Duba takardu ba tare da ka kwanta asibiti ba

Mai aji ɗari biyu ba zai iya gyara kowane waƙafi ba, kuma ko ya iya ba shi da amfani, takardar da ta yi jajir ba mai karanta gyaranta. A rubutu na farko tsari kaɗai nake dubawa, in rufe ido ga nahawu. Kafin ma ta iso gare ni, ina sa su yi musayar takardu, kowa ya ɗauki insha'in maƙwabcinsa ya mayar da shi jadawali ko akwatuna da kibiyoyi, ba tare da ya tambayi mai shi ba. In jadawali ya fito cikakke, tsari ya yi. In ya ce, "Malam, na rasa mudunsa na biyu," to mai takardar ya ji da kunnensa, kuma daga bakin abokinsa ya fi shiga. A rubutu na biyu ne nake bin kalmomin haɗi da alamomin rubutu.

Mako shida nake ba abin duka: biyu na kwatanci, uku na dalili da sakamako, na ƙarshe a haɗa su, domin tambayoyin gaske a haɗe suke zuwa. Wanda aka ce ya kwatanta noman rani da na damina, da ya ce na rani ya fi tsada dole ya faɗi dalili. A makon nan nake jawo maganar babi na biyu, bitar ayyukan magabata. Yadda aka saba yi shi ne wane ya ce kaza, wane ya ce kaza, shafi ashirin, buhu-buhu mara waiwaye. Ina sa su ɗauko bincike biyu kan abu ɗaya su sa a jadawali: a ina aka yi, mutum nawa aka tambaya, ta wace hanya, me aka samu. In sakamakon ya saɓa, me ya sa? Sau da yawa amsar na zaune a layin sama, ɗaya a birni ya yi nasa, ɗaya a ƙauye.

Yanzu da waya ke iya rubuta wa yaro insha'i cikin minti ɗaya, da Turanci mai santsi da "furthermore" a mazauninta, na ƙara sharaɗi. Jadawali da kibiyoyi a aji ake yin su, da hannu, in sa hannu a kusurwa da kwanan wata. Ranar miƙa insha'i a liƙo su a baya. Maki 20 nake bayarwa: 8 na jadawali da jigo, 7 na yadda insha'in ya bi jadawalin, 5 na harshe. In insha'i ya zo da mudu na huɗu da babu shi a takardar da na sa wa hannu, sai in kira mai shi ofis, in ajiye masa kujera, in ce ya zana mini layin da ya ɓata a gabana.